Karatun Guje-guje na Angona

Kai mai karatu, kafin ka zura ido cikin wasiƙun mutane, tsaya in ɗaure ka da kacici-kacici. Wane ne na taka shekara huɗu bai taɓa ce min uffan ba, amma ranar da na ba shi hutu ya yi tafiyar kwana uku ya kai ƙarata? In ka gane, riƙe a bakinka. In ka kasa, ka ba ni gari, amsar tana ƙarshe. Wasiƙun nan tsakanina ne da jikana, wanda na goya tun yana rarrafe. Nasa suna cikin gwangwanin ƙusoshin marigayi kakansa, Baba Tsoho. Nawa kuwa shi ya maido min da su, da na ce ina so in ga yawan ƙaryar da na yi.

* * *

Zuwa ga Angona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda nake lafiya lau. Gwaggonka tana gaishe ka. Ta ce in daina ɓata takarda tunda akwai waya. Na ce mata waya ta masu kunne ce. Ni in ka yi magana a cikinta sai in ji kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Takarda kuwa in ban gane ba sai in sake karantawa, ba ta gajiya da ni.

Bayan haka, ka jawo min magana a benen nan. Matar tela ta hawan ƙasa ta tare ni a matakala ta ce wai me jikana yake karantawa shekara huɗu a jami'a. Na ce guje-guje. Ta ce guje-guje kuma? Na ce eh, ai tun yana ƙarami in na ɗauko soso da sabulu yake nuna hazaƙa a fannin. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Amma da na hau sama na zauna, sai na ga ashe ni ma ban sani ba.

Hoton da ka aiko ya ƙara rikita ni. Ga samari ashirin sun yi layi da riguna iri ɗaya, ga angona can gefe rataye da jaka, hannu ɗaya riƙe da bokitin ƙanƙara. To ni dai ban san da mai sayar da ruwan sanyi aka ɗaura min ba. Idan tallar ƙanƙara ce ka dawo, mai shagon ƙofar gida ma yana sayarwa, kuma bai je jami'a ba.

Ka rubuto min dalla-dalla da manyan baƙaƙe, ka san a aji huɗu na tsaya. Likita ne kai ko koci? Kuma wace takarda ce gwaggonka take cewa sai ka cika sa'o'i kafin a ba ka?

Taka har kullum,
Amaryar da ba ta tsufa

* * *

Amarya,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni ma lafiya, sai kewarki. Na karanta wa abokin ɗakina wasiƙarki yana shan ruwa, har ya sarƙe shi.

Ni ba likita ba ne, ba kuma koci ba. Koci yana koya musu yadda za su ci wasa, likita yana asibiti yana jiran a kawo masa su. Ni ne na tsakiya. Muna da wani ɗaki a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, gado uku ne masu tsawo, firij ɗaya, da kabad cike da filasta da bandeji. A nan nake naɗe musu idon sawu kafin su fita. In wani ya faɗi a fili ni nake fara isa, kuma dole nan take in gane ko zai iya tashi ko kada a motsa shi. Bayan likita ya gama nasa, ni nake bin mutum mako-mako har ƙafar ta koma ɗaukarsa. Shi ya sa muka yi shekara biyu muna haddar ƙasusuwa da jijiyoyi. Ƙafa ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu, ƙashi ashirin da shida ne. Ki faɗa wa matar tela.

Takardar kuwa ta shaidar ƙwarewa ce, sai an ci jarrabawa ake bayarwa. Ba a barin kowa ya zauna jarrabawar sai ya cika sa'o'in aiki a fili, Malamarmu tana sa hannu kullum a wani ɗan littafi. Saura min ɗari da ashirin, kuma ƙarshen wata mai zuwa za a rufe rajista. Wanda bai cika ba sai baɗi. Littafin nan ba ya barin jakata. Ranar da ya bar hannuna, ko na gama ko na haƙura.

Haddar ba ita ce mai wuya ba. Malama ta ce kowane ɗan wasa maƙaryaci ne a kan jikinsa. Makon jiya wata mai tseren nesa ta ce min lafiyarta lau. Ina jin ta, idona yana kan takalman da ta cire. Kin tuna yadda Baba Tsoho yake kifa takalmi a kan cinyarsa ya ce mai wannan ɗan dako ne, mai wancan gwiwarsa ta dama na damunsa? Na kifa nata. Ɗaya ya cinye ta gefe, sabon ci. Na kai wa Malama, aka ɗauki hoto, ashe ƙashin ƙwaurinta ya fara tsagewa. An cire ta daga gasa. Koci ya kwana uku bai amsa gaisuwata ba, ita kuwa har yau. Malama dai ta ce, "Wa ya koya maka duba ƙasan takalmi?" Na ce wani mai gyaran takalmi ne da bai taɓa shiga aji ba.

Naki,
Mai ruwan sanyi

* * *

Angona,

Ina gaisuwa. Lafiya lau nake, ras, kamar yarinya. Ka yi haƙuri da shirun mako uku, birona ne ya ɓata.

Wasiƙarka sau biyar na karanta ta. Da na zo kan maganar kakanka sai da na cire tabarau na goge. Shekara arba'in yana zaune a rumfar nan da ƙusa a baki, mutane suna miƙo masa takalmi ba sa ko kallon fuskarsa, ashe darasin jami'a yake bayarwa bai sani ba. Na leƙa ta taga na kira matar tela na ce mata ashirin da shida. Ta ce na mene ne? Na ce ƙasusuwan ƙafarki, da kike takawa ba ki ko san adadinsu ba. Yanzu a benen nan sunanka Likitan Fili. Na ce musu ka ce kai ba likita ba ne, suka ce kunya ce irin ta masu ilimi.

Yarinyar nan mai tsere ka ƙyale ta. Wanda ya hana ka abin da kake so ba ka gode masa da wuri. Sa'o'inka kuma ina rage su a kalandar bango kowace yamma, a lissafina saura sittin.

Kwanakin nan na zama sarauniya. Gwaggonka ke yin cefane in ta taso daga makarantar da take koyarwa, ni ina bakin taga ina ganin wanda ya fita da wanda ya dawo da abin da ya riƙo. Matakalar nan ashirin da uku, shekara talatin ina hawanta, na ce ta huta ni ma in huta.

Ga ƙunshi nan tare da wasiƙa. Takalmana ne masu maɗauri, waɗanda na saya shekarar da ka tafi jami'a. An daina kawo irinsu a nan, aka ce a wajenku akwai. Ka samo min, amma su ɗan fi waɗannan faɗi. Ban yarda da lamba ba, shi ya sa na aiko su su yi bayani da kansu. Angon da bai taɓa saya wa amarya takalmi ba, ai haƙuri ake yi da shi.

Sarauniyar taga

* * *

Kaka,

Yau ba Amarya. Ban kuma tambayi lafiyarki ba, don na san amsar da za ki ba ni.

A ɗakin naɗin ƙafa na buɗe ƙunshin, na kifa su a kan cinyata ba da niyyar komai ba, sabo ne kawai. Na dama ya cinye a dunduniya fiye da yadda na san shi, alamar shi yake ɗaukar nauyin biyu. Na hagu gefensa na ciki ya goge, sabon ci, gefen waje kuwa kamar an daina taka shi. Sannan a maɗaurin na hagu akwai sabon huji har biyu, da basillar Baba Tsoho, na san bakinta. Mutum ba ya ƙara huji sai ƙafa ta kumbura. A na dama babu ko ɗaya. Ki haɗa da cefanen da kika bar wa Gwaggo, ke da ba kya yarda wani ya zaɓar miki ko albasa.

Yaushe kika faɗi? A matakala ne? Gefen ƙafar na waje ne yake ciwo, daga ƙaramin yatsa zuwa baya, ko ba haka ba?

Na nuna wa Malama. Ta juya su ta sake juyawa ta ce, "Wannan 'yar wasan taka a wace ƙungiya take? A fitar da ita daga fili yau." Ba ni da hurumin cewa karaya ce, wannan sai hoto. Aikina in tsayar, in tura. To na tsayar da ke. Kada ki gasa da ruwan zafi, kada ki bar kowa ya ja ƙafar ko ya murza ta. Ki ɗora ta a kan matashi. Na kira Gwaggo, za ta kai ki asibiti a ɗauki hoton ƙashi.

Idan zuwa Juma'a ta sama ba a ɗauka ba, zan zo in kai ki da kaina. Kin san abin da hakan zai yi wa littafin.

Jikanki

* * *

Zuwa ga ɗan sandan takalmi,

Lafiya lau nake, kuma wannan karon da gangan na rubuta.

To, na zame. Matakala ta huɗu daga ƙasa, an wanke ta ba ta tsane ba, ƙafar ta lanƙwashe. Ba wanda ya gani sai kyanwar mai shago, ita kuwa ba ta da surutu irin na wasu. Na tashi na kaɗe zanena na tafi kasuwa ranar, na je washegari, na yi mako biyu ina zuwa. Mai karaya yana zuwa kasuwa? Maganar ruwan zafi kuwa ka makara, na gasa har butar ta gaji.

Gwaggonka ta zo da fuskar nan tata ta malaman makaranta ta ce in sa mayafi mu tafi. Na ce ni na haife ki ko ke kika haife ni? Ta yi kuka, na ba ta hankici.

Bari in ajiye wasa na layi uku. Kakanka da ƙafarsa ya shiga asibitin nan. Ya miƙo min hularsa ya ce in riƙe masa, yanzu zai fito. Hular tana nan rataye a bayan ƙofa, kuma shekara tara ban bi ta titin ba.

Kai kuma kada ka kuskura. Saura arba'in a kalandata. Ban yi shekara huɗu ina amsa tambayar matar tela ba don ka zo bakin gaɓa ka kifar da kwale-kwale saboda ƙafar tsohuwa. Biyu gare ni, ɗaya ta isa zuwa taga. In ka zo ba zan buɗe ba.

Kakarka, tunda an sake ni

* * *

Kaka,

Ina gaisuwa, a tsaye nake rubutawa. Ban san maganar hular ba, ki yafe min. Amma ita ma ƙafar ba ta san ta ba. Na miƙa wa Malama littafin. Ranar Asabar da safe zan hau mota.

Jikanki

* * *

Kai mara kunya,

Ina gaisuwa. Ba zan ce lafiya lau ba, an hana ni. Ƙashi ɗaya cikin ashirin da shidan naka ya tsage, na bayan ƙaramin yatsa, daidai inda ka nuna daga nisan kwana uku.

Ga yadda aka yi. Takardarka ta iso ranar Alhamis da rana. Na karanta ka miƙa littafin, na ɗaga kai na dubi kalanda, saura talatin. Kai da hannunka ka rubuta min cewa ranar da ya bar hannunka ko ka gama ko ka haƙura. Talatin ba gamawa ba ce. Gwaggonka ta shigo da kayan cefane ta tarar da ni na fito da mayafi na ɗora a cinya. Ta ce bari ta kira ka. Na ce ajiye, kan yaron nan irin na kakansa ne, ba a juya shi da baki, sai da hoto a hannu.

Safiyar Juma'a tela da mai shago suka sauko da ni a kan kujera, matakala ashirin da uku, ina ba su umarni. Matar tela tana biye tana cewa a yi a hankali da kakar Likitan Fili. Da muka isa ƙofar asibiti na ce wa direba ya zagaya tukuna. Ya zagaya. Zan ce ya ƙara, gwaggonka ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, gobe Asabar." Na sauka.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'arka ba. Ta ɗaga hoton a jikin fitila ta ce, "Mama, tun yaushe?" Na ce jiya-jiyan nan. Ta ce, "Wannan ya fi wata." Na ce to ku duka makaranta ɗaya kuka yi ne? Ta ce da na ci gaba da takawa da ƙashin ya goce, sai tiyata. Ta tambayi wanda ya turo ni, na ce angona ne, kuma bai ko ga ƙafar ba. Ta dube ni ta dubi gwaggonka, gwaggonka ta ce jikanta take nufi. Na zaro wasiƙarka na ba ta. A tsaye ta karanta, ta kira wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mata wajen huji biyu da yatsa. Ta ce, "Mama, wannan ya iya aikinsa." Na ce na sani, gwada shi nake yi.

Na fito. Ka rubuta wannan a littafinka, na shiga kuma na fito. An ɗaura min wani ƙaton takalmin roba mai maɗauri uku, kamar na zura ƙafa a bokiti, aka ce mako shida.

Sai a bakin ƙofa na ce wa gwaggonka to yanzu kira shi, ki ce ya kwance jaka ya je ya roƙi Malama ta maido masa da littafinsa. Ina kallon fuskarta tana sauyawa, tana dariya tana share hawaye. Ta sunkuyo ta ɗaga murya a kunnena: wai motar ƙungiya ce, gasa za ku tafi, wai Malama ke karɓar littattafan kowa kafin tafiya don kada su ɓata a hanya. Ni ka yi wa haka? Layi huɗu ka rubuta ka rasa inda za ka sa kalmar gasa? Gidan da na yi shekara tara ina kewaye wa, layi huɗu suka shigar da ni.

Ban huce ba,
Mai bokiti

* * *

Amarya,

Na maido miki da sunanki tunda kin bi umarni. Yaya ƙafar? Wannan tambayar aiki ce ba gaisuwa ba, ki amsa da lamba daga ɗaya zuwa goma, goma shi ne ciwon da ba a iya daurewa.

Wallahi ba dabara na yi ba, sauri ne. Amma kada ki ce a banza kika shiga. Motarmu ta babbar tasha take bi. Na riga na faɗa wa Malama cewa in Gwaggo ba ta kira ba, a nan zan sauka in hau ta gida. Ta ce baɗi ma shekara ce. A jakata akwai bandeji da takalmanki.

Sa'o'i sun cika ranar Talata a wajen gasar, saura kwana biyar a rufe rajista. Jarrabawa wata mai zuwa. Mai tseren nan ta fara amsa gaisuwata, da kai dai, ba da baki ba. Ga zane huɗu nan na motsa yatsu da gwiwa, da yadda za ki sauka matakala in an cire bokitin. Ki nuna wa likita tukuna, in ta yarda ki riƙa yi safe da yamma.

Tambaya ɗaya. Ke matar mai gyaran takalmi ce shekara arba'in, kuma da hannuna na ba ki labarin mai tsere. Mantuwa kika yi da kika aiko su, ko kira ne?

Naki,
Ango

* * *

Zuwa ga Angona mai takarda,

Ɗaya. Ran da gari ya yi sanyi, biyu. Ka ga na koyi gaisuwarku.

Shirun wata biyun nan ba biro ba ne. Da gangan na yi har ka gama jarrabawa, kada in sake aiko maka da abin da za ka kifa a cinya.

Gwaggonka ta nuna min hoton takardar a waya, na ce ban yarda ba sai ta fitar min da shi a takarda. Na bi sunanka da yatsa baƙi-baƙi, ban tsallake ko ɗaya ba. Na rataye ta a bayan ƙofa kusa da hular kakanka, su biyun sun san abin da za su ce wa juna.

An cire min bokitin. Jiya na sauka ashirin da uku na hau ashirin da uku da sababbin takalman da ka aiko, ina riƙe da ƙarfen gefe kamar yadda ka zana. A ta huɗu na tsaya na ɗan harare ta. A nan matar tela ta same ni, ta ce ita fa har yanzu ba ta gane aikin ba. Na ce aikinsa shi ne in kika ce masa lafiya lau ya dubi ƙasa. Sai ta ja zane ta rufe ƙafafunta. Yanzu haka mijinta da mai shago sun kawo tsofaffin takalmansu sun jera min a ƙofa, wai a ajiye maka har ka zo hutu.

Tambayarka kuwa, amarya ba ta amsa irin wannan.

Tsofaffin nawa kada ka yar da su, ka taho min da su. Ina da magana da ɗaya daga cikinsu.

Taka,
Amarya mai ƙafa biyu

* * *

To mai karatu, garin da ka ba ni na karɓa. Takalmina ne na ƙafar hagu.